Nasiha Ga Mai Riƙe Da Ƙofar Ruwa A Bakalori

Ɗana, duk ranar da ka kama sitiyarin get ɗin ruwa, ko kan famfon tanki, ka murɗa ka ji ya cije, ka sake shi. Kada ka waiwaya neman guntun bututun ƙarfe da za ka zura wa hannunsa don ka ƙara ƙarfi. Kada ka kira samari ku taru a kansa, kada kuma ka ɗauko dutse. Na san rana ta take, na san shinkafarka na jin ƙishi, na san yau ne layinka gobe na wani ne. Duk da haka ka sake shi. Ƙarfen da aka ƙera don hannun mutum ɗaya ya juya shi, in har ya kai ga neman mutum uku, akwai abin da ya tokare shi. Ƙarfinka zai iya karya sandar get ɗin, amma abin da ya tokare yana nan inda yake, ka ga an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Za ka ce me ya sa tsoho zai ɓata yawunsa a kan ɗan ƙarfen da bai kai tsawon kamu biyu ba. Dalili shi ne kai ka tashi ka tarar da ruwan nan yana gudana, ba ka ga abin da aka biya kafin ya gudana ba. An fara aikin madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina ta, aka kammala ginin a 1978. Tsawon madatsar ya kai kilomita 5.5, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, tabkin da ya taru a bayanta kuma ya shafe kimanin hekta 8,000. Wannan hekta 8,000 gonakin mutane ne da gidajensu da maƙabartunsu. Dubban jama'a aka tasa, har da mutanen tsohon garin Maradun. Na ƙasa da madatsar su ma ba su tsira ba, domin ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace shekara ta ragu, noman shinkafar fadama da kamun kifi suka ja baya. Da manoma suka tashi neman diyyar gonakinsu suka tare hanyoyin aiki, a ranar 28 ga Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, mutanen yankin da masu bincike suka ce sun haura 300. Allah Ya jiƙansu. Ruwan da kake buɗe wa ƙofa da asuba, wannan ne kuɗinsa. Wanda ya san haka ba zai ɗora dutse a kan get ba.

Sai kuma darasi na biyu, wanda ya fi kusa da maganarmu. An tsara Bakalori ta shayar da kimanin hekta 23,000. Wajen hekta 8,000 ruwa zai bi kanal da kansa ya gangara gona, sauran hekta 15,000 kuwa da injunan feshi za a shayar da su, masu watsa ruwa sama ya sauko kamar damina. Tambayi dattawan Mafara da Bakura, za su ba ka labarin yadda abin ke burgewa a farko. Ina injunan yau? Madatsar ba ta fashe ba, gulbi bai ƙafe ba. Wutar da ke juya famfunan ce ta yi wuya, kayan gyara suka yi wuya, wannan inji ya tsaya aka ce sai an kawo abu daga Turai, wancan bawul ya cije aka bar shi, bututu suka yi tsatsa, wasu aka kwashe. Da kaɗan-kaɗan ɓangaren da ya fi girma ya mutu, ga ruwa maƙil a tabki. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING don farfaɗo da manyan ayyukan noman rani na Arewa, Bakalori na ciki, tare da na Kogin Kano, da Haɗeja, da Goronyo, da Dadin Kowa. An gyara kanal, an sa sababbin ƙofofi, an mayar da wani sashe na tsohon filin feshi ya koma shan ruwan gangara. Amma abin da nake so ka riƙe daga shirin shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka kafa. Ma'anar kafa su ita ce madatsa da manyan kanal suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ƙananan hanyoyin ruwa da ƙofofinsu kuwa, waɗanda ke bakin gonarka, kulawarsu ta dawo wuyanka da na maƙwabtanka. Kuɗin gyaran nan bashi ne, ba sadaka ba. Kada ka zauna kana jiran wani Bature ya sake tasowa daga Italiya don get ɗinka ya cije.

To, bari mu zo kan aikin. Ruwa ba ya tsami banza, ƙofar ruwa ma ba ta cijewa banza. Kafin ka taɓa sifana, ka tambayi kanka me ya riƙe ta.

Get na ƙarfe, irin mai faranti da ke hawa da sauka a cikin kwarmi, yawanci laka ce ke kashe shi. Ruwan gulbinmu ɗauke yake da laka da rairayi, musamman bayan damina. Lakar nan na kwanciya a gindin farantin da cikin kwarmin gefe biyu, in aka ɗauke ruwa ta bushe ta zama kamar siminti. Kai kana sama kana murɗa sitiyari, farantin na ƙasa a binne. Idan ka matsa, sandar ce za ta lanƙwashe, ko haƙoranta su cinye, ko notin da take bi ya tsage. Sandar da ta lanƙwashe kuwa ba ta sake miƙewa daidai, ko mai walda ya yi iya ƙoƙarinsa. Don haka ka jira lokacin da aka rage ruwa, ka sauka da shebur ka kwashe lakar gindi, ka sa siririn ƙarfe ka ƙwaƙule kwarmin tun daga sama har ƙasa, ka watsa ruwa ka wanke. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Amma ka ji ni da kyau: kada ka taɓa shiga gaban get ko bakin kwalbati alhali ruwa na gudu. Jan ruwa a wurin da ya ƙuntata ya fi ƙarfin ƙato, kuma ba ya ba da sanarwa.

Idan ƙasa ta fita sarai amma sitiyari bai juya ba, koma kan sandar. Tsatsa da ƙurar hunturu da tsohon giris da ya daskare su ne ke haɗuwa su cike haƙoran. Ka goge da buroshin waya har ka ga hasken ƙarfe. Ka ɗiga kananzir, ko ka fesa man kwance tsatsa irin WD-40 in kana da hali, ka bar shi ya jiƙa. A nan ne haƙurin yawancin samari ke ƙarewa, sun ɗiga mai yanzu suna so ya buɗe yanzu. Ka tafi ka yi wani aiki, ka dawo da la'asar, in ta kama ma ka bar shi ya kwana. In ka dawo kada ka nufi buɗewa gaba ɗaya. Ka murɗa kaɗan hagu, ka mayar kaɗan dama, ka ƙara ɗiga mai, ka sake. Kowane zuwa da dawowa yana ƙara maka ɗan fili. Ɗan ƙwanƙwasa noti a hankali da ƙaramar guduma yana taimaka wa mai ya shiga, amma ƙwanƙwasawa na ce, ba duka ba. Da ya saki, ka kai shi ƙarshen sama, ka kai shi ƙarshen ƙasa, ka goge kananzir ɗin tas, sannan ka shafa giris. Kananzir wanki yake yi, ba ya zama. In ka bar sandar da shi kaɗai, bayan mako biyu tsatsar da za ta dawo ta fi ta da.

Na san abin da ake yi: a je wurin makaniki a roƙo baƙin mai a kwarara. Arha gare shi, kuma yana saukar da ƙarfe, ban musa ba. Amma ina yake zuwa in ya tsiyaye? Cikin ruwan da shanu za su sha, yara su yi wanka, mata su yi wanki, tumatir da albasa su sha. Ɗan gwangwanin giris bai kai kuɗin kwanon shinkafa nawa ba, kuma yana zama inda ka shafa shi. Ku haɗa kuɗi a ƙungiya ku saya, a ajiye wurin mutum ɗaya amintacce.

Bawul na tagulla mai ƙaramin sitiyari, irin wanda ke kan bututun injin ban-ruwa ko tankin gida, nasa halin daban. Da farko ka kashe inji, ka saki ruwan da ke cikin bututu, domin matsin ruwa a gefe ɗaya yana danne harshen bawul ya hana shi motsi. Sannan ka duba notin da ke ƙarƙashin sitiyari, inda sandar ke shiga. Sau da yawa wani ne ya ga yana ɗiga ya ɗaure shi tamau, ya shaƙe sandar. Ka sassauta shi kwata ɗaya na zagaye, ka ɗiga mai, ka gwada. In ka ga farin ɓawo ya taru a jiki, gishirin ruwa ne, ruwan lemun tsami na narkar da shi in an jiƙa. Kuma ka koyi wannan ɗabi'a: duk sanda ka buɗe irin wannan bawul har ƙarshe, ka mayar da shi baya rabin zagaye. Wanda aka bari a ƙure wata da watanni, shi ne ke mannewa, kuma mai zuwa bayanka ba zai san a buɗe yake ko a rufe ba, sai ya yi ta murɗawa ta inda babu hanya har ya karya.

Na roba kuwa, mai jan hannu ko shuɗi, wanda ya cika kasuwa yanzu, shi ya fi kowanne saurin karyewa, kuma shi aka fi cuta da maganin da ba nasa ba. A cikinsa akwai ƙwallo mai rami da zoben roba mai hana yoyo. Fetur da kananzir da baƙin mai suna kumbura irin wannan zobe. Ka ɗiga yau ka ji ya yi laushi, jibi ya fi da tauri. Abin da yake so shi ne ruwan ɗumi da sabulu a wanke datti, sai man silikon idan ana samu a shagon masu kayan famfo. Man gyaɗa na iya fitar da kai kunya na yini ɗaya, amma yana daskarewa ya yi danƙo ya kama ƙura. Kada ka kusantar masa da wuta. In rana ta riga ta cinye shi, launinsa ya koɗe ya yi fari-fari, kada ka wahalar da kanka, ka sayi sabo, ka kuma yi masa inuwa ko da da tsohon buhu ne.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke fama. A Turai da Amurka akwai motocin da aka yi wa ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, iyali su shiga su yi ta yawon hutu. Ƙarƙashin motar akwai tankin da ruwan wanke-wanke da na wanka ke taruwa, da ɗan famfon da ake buɗewa a zubar. Wannan famfo yakan ba masu motocin ciwon kai, saboda maiƙo da sabulu da ƙurar hanya suna taruwa su riƙe shi. Maganinsu shi ne wanda na gaya maka: ruwan ɗumi, wanki, man silikon, a riƙa buɗewa da rufewa a kai a kai. Abin lura a nan shi ne famfon da ke cije musu na fitar da ruwa ne, ba na shigar da shi ba. Mutum ko'ina yake, idonsa na kan inda ruwa ke shigo masa, bayansa yake juya wa inda ruwa ke fita.

Wannan ita ce babbar cutarmu a Bakalori, kuma a kanta nake so ka fi tsayawa. Waɗanda suka zana aikin nan hanya biyu suka yi wa kowane fili: kanal mai kawo ruwa, da magudana mai kwashe wanda gona ta sha ta rage. A kan kanal ana faɗa, ana kwana a bakinsa da tocila, ana kai ƙara wurin mai gari. Magudana fa? Wa ka taɓa ji an kai ƙara saboda ya bar ta ta cike? Kacalla ta rufe ta, laka ta toshe kwalbatinta, wani ma ya ga fili ne a banza ya cike ta ya dasa shinkafa a kai, yana murna ya ƙara kunya biyar. Ruwan da ya rasa mafita ba ya ɓacewa. Yana nutsewa ya taru a ƙarƙashin gona, shekara bayan shekara yana hauhawa, har ya iso saiwa. Saiwa na buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Shinkafa za ta jure, amma alkama da masara da tumatir da dankali za su yi rawaya su tsumbure, kai kuma ka ce taki ne ya yi kaɗan ka ƙara cin bashin buhu. Bayan nan rana ta janyo ruwan nan zuwa sama, ya bushe, ya bar gishirinsa a fuskar ƙasa. Farin da kake gani a gefen kunya kamar kanwa, shi ke nan. Ƙasar da gishiri ya kama, wanke ta aiki ne na shekaru, kuma ba ta wankuwa sai da magudanar da ke aiki. Pakistan ta yi asarar gonaki masu ɗimbin yawa a kwarin Indus ta wannan hanya, har sai da ta shiga haƙa rijiyoyin burtsatse da manyan magudanai tun shekarun 1960 don ceto su. A Jazira ta Sudan, inda aka fara shayarwa daga madatsar Sennar a 1925, kuma inda 'yan uwanmu Hausawa da yawa suka yi noma, kwashe laka da ciyawa daga hanyoyin ruwa shi ne aikin da bai taɓa ƙarewa ba.

Ruwan da ya kwanta kuma ba amfanin gona kaɗai yake ci ba. A nan sauro ke ƙyanƙyasa, shi ya sa zazzaɓi ba ya barin ƙauyukanmu ko da rani. A nan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ke zama. Yaron da ka ga yana fitsarin jini, kada wani ya ruɗe ka da cewa alamar girma ce. Cuta ce, daga ruwan ya ɗauko, ka kai shi asibiti, maganinta na nan. Saboda haka ranar da ƙungiya ta sa don yashe magudana, kada ka aika ƙaninka kai ka tafi kasuwar Mafara ta Talata. Ka je da kanka, da lauje da shebur, da takalmin roba. Ƙofar da ke bakin magudana, in akwai, ta fi ta kanal buƙatar giris, domin ita ba kullum ake taɓa ta ba, ranar da za a neme ta kuwa ranar ambaliya ce.

Injinka na ban-ruwa ma yana da nasa ɗan noti a gindin famfo, na tsiyaye ruwa. In an gama rani za a jingine inji, ka kwance shi ruwan ya fita, ka ɗauraye lakar ciki, ka shafa wa notin giris ka mayar. Wanda ya ajiye inji da ruwa a ciki, baɗi zai tarar da fankar ciki ta manne da tsatsa. Tankin feshin magani kuwa, don girman Allah, kada ka wanke shi a kanal ko a magudana. Ka ɗebi ruwa ka tafi can nesa da hanyar ruwa da rijiya.

Ke ma ɗiyata ban manta da ke ba, domin rabin wannan magana a tsakar gida take. Ruwan wanke-wanke, da ruwan jiƙon shinkafar da kike turarawa, ɗauke suke da maiƙo da gari da ƙaiƙayi. Su ne ke toshe famfon duro da bututun kwata. Ki tace kafin ki zubar, ki juye maiƙo a toka maimakon a bututu, ki bi da ruwan zafi da sabulu lokaci-lokaci. In ya toshe, kada ki haɗa Hypo da wani ruwan wanki mai tsami ko maganin wankin masai, hayaƙin da ke tashi guba ne, a ɗan ƙuntataccen banɗaki yana iya kayar da mutum. Kuma ki duba inda kwatarku ke ƙarewa. In a ƙofar maƙwabciya take taruwa, haƙƙi ne, ko da ba ta taɓa buɗe baki ta yi magana ba. Rami aka haƙa, aka cika shi da duwatsu da tsakuwa, ya wadatar.

Saura magana ɗaya mai ɗaci, ɗana. Ba kowane get ne tsatsa ta kashe ba. Akwai wanda dare ya yi aka fasa kwaɗonsa don a sha ruwan da ba layin mutum ba. Akwai wanda aka cire sitiyarinsa da sandarsa aka kai wa 'yan gwangwan aka auna a sikeli. Na san an shiga matsi. Na san 'yan bindiga sun hana mutane da yawa a Maradun da Bakura da Mafara zuwa gonakinsu na tudu, kowa ya dawo ya dogara da ɗan filin da ke bakin kanal. Amma wannan ma dalili ne na a ƙara riƙe ƙofofin da kyau. Get ɗaya in ya lalace a buɗe, na kusa ya sha har gonarsa ta jiƙe ta yi yawa, na ƙarshen layi ya zauna yana kallon shukarsa na ƙonewa. Na ƙarshen layin nan ba baƙo ba ne, ɗan gwaggonka ne ko surukinka. In ka ga mai cire ƙarfe, ka faɗa wa shugaban ƙungiya da mai gari, ko da ɗan ɗakinku ne. Abin da ya fi ƙarfinku, kamar sandar da ta karye ko siminti da ya tsage, ku rubuta wa ofishin aikin tun yana ƙarami, ku ajiye kwafin takardar, ku riƙa bibiya.

Damina na janyewa, kafin a saki ruwan rani akwai 'yan makonnin da kanal ke da sauƙin shiga. Cikinsu nake so ka ɗauki shebur, da buroshin waya, da kwalbar kananzir, da gwangwanin giris, ka kira maƙwabtanka na hagu da dama, ku bi ƙofofin layinku ɗaya bayan ɗaya. Ku fara da ta magudana. Bayan nan, kowane wata ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, ko ba ka buƙatar ruwa a ranar. Ka tafi da ɗanka ya riƙe maka gwangwanin. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba da rani mai amfani.